Bayan An Kai Amarya Sai Me? Labarin 'Yan Ajin Gwaggona

  Ina godiya ga duk waɗanda suka aiko da wasiƙu a kan rubutun watan jiya, wallahi na karanta kowace, wadda ba ta ga amsarta ba ta yi haƙuri, filin ne ya yi mana kaɗan.

Akwai wata tambaya da ta yi ta maimaituwa a cikin wasiƙun nan, har sai da na ga ba zan iya wuce ta ba. Wata ƙanwata 'yar aji biyar daga Zurmi ita ta fi kowa fito da ita fili. Ta ce wai me karatu yake tsinana wa mace ne, tunda ga masu difloma nan zaune a gida suna suyar awara, ga kuma wanda yake sonta ya matsa a yi magana kafin azumi? To ƙanwata, ni dai iyakata sakandare, ban taɓa zama a ajin babbar makaranta ba, saboda haka ba zan yi miki ƙaryar abin da ban sani ba. Kuma littattafan da kuke karantawa, har da nawa, yawanci a daren kai amarya suke ƙarewa, an sha wuya an yi nasara, ango ya shigo da kaza, sai alhamdulillahi. Ba kasafai ake biyo amaryar nan a ga yadda ta kasance bayan shekara talatin ba. Ni kuwa kwanan baya Allah ya nuna mini irin waɗannan amaren da idona, har su goma sha wani abu a ɗaki ɗaya, shi ne na ce bari in kawo muku labarinsu. Ba zan kama sunan kowa ba, don iyayena ne, kuma wasu abubuwan sai da suka tura ƙofa suka faɗe su.

Gwaggona ce, ƙanwar babana, ta aurar da autarta ta mata a Kaura Namoda. Cikin 'yan biki har da 'yan ajinsu na Foli, wato Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Kaura, wadda aka kafa a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari. Su kuwa sun shiga a 1993, shekarar da aka soke zaɓen 12 ga Yuni, suka gama ƙaramar difloma a 1995. A lokacin ko jihar Zamfara babu, Kaura da Shinkafi da Zurmi duk a ƙarƙashin Sakkwato suke. Gwaggo ta ce 'yan matan Hausawa a makarantar a wancan lokaci sai ki ƙirga su da yatsu, yawancin mata Yarbawa ne da Ibo da Igala da Tibi da suka zo daga nesa. Ita ma abin da ya taimake ta, kakana ma'aikacin reluwe ne. Kun san Kaura ita ce ƙarshen layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, tun 1929 jirgi ya iso garin yana kwasar gyaɗa da auduga, don haka mutanen tasha sun daɗe suna cuɗanya da baƙi, sun ga 'ya'yan abokan aikinsu mata suna karatu ba su lalace ba. Duk da haka ya sha magana. Har cewa aka yi ya kai ɗiyarsa kasuwa.

Gwaggo aikin sakatariya ta karanta. 'Yan matan yanzu ba ku san wannan ba. Tafireta ce ta ƙarfe, kina bugawa tana ƙara kamar ana sassaƙa, in kin kai ƙarshen layi ƙararrawa ta kaɗa ki turo kan da hannu. In ana son kwafi uku sai a jera takarda da kabon a tsakani, kuskure ɗaya ya ɓata duka ukun. Ga kuma gajeren rubutu, wasu ƙugiyoyi da ɗige-ɗige da ake kama maganar mai gida da su yana faɗa kina rubutawa. Ta ce sai da ta yi wata shida tana mafarkin ƙugiyoyin nan. Ta yi aure a 1996, a shekarar kuma ranar 1 ga Oktoba Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro jihar Zamfara, aka turo Kanar Jibril Bala Yakubu ya zama kantoma na farko. Sabuwar jiha kuwa ofisoshi take buƙata, kowane ofis yana neman mai buga takarda, ga 'yan jiha masu takardar ba su da yawa. A 1997 ta sami aiki a wata ma'aikata a Gusau, da goyo a bayanta.

Kun ga dai kamar an gama, ko? Karatu, aure, aiki, haihuwa. To ba a yi shekara bakwai ba kwamfuta ta shigo ofis. Aka ɗauke tafireta aka kai sito, aka zaunar da wani yaro ɗan bautar ƙasa a gaban sabuwar na'ura, ita kuma aka bar ta da tebur da fayil ɗin da ba mai nema. Ta ce ba wanda ya kore ta, ba wanda ya yi mata tsawa, albashinta yana zuwa, amma ta fi wata uku tana zuwa aiki tana komawa gida ba ta yi komai ba sai gaisuwa. “Ɗiyata,” in ji ta, “ranar da mai gidanmu yac ce in miƙa ma yaron ga takarda shi buga, ni da nike buga kalma hamsin a minti guda, ranar nis san an bar ni baya.” Sai ta cire kuɗi daga albashinta ta shiga makarantar koyon kwamfuta ta yamma, da cikin ɗanta na huɗu, tana zama cikin yara suna ce mata Mama. Daga baya ta koma Foli ta yi babbar difloma, ta tarar ma an canza wa kwas ɗin nasu suna, an mai da shi na sarrafa ofis da na'ura. Yanzu jami'ar mulki ce. Ka'idar aikin gwamnati shekara 35 ce ko kuma mutum ya cika 60 da haihuwa, duk wanda ya riga zuwa, don haka ita a 2032 za ta ajiye, amma tun yanzu ta sayi firiza biyu masu aiki da hasken rana tana sayar da ƙanƙara da zoɓo. Ta ce ta ga yadda 'yan fansho suke zarya, ba za a fafe mata gora ranar tafiya ba.

Wadda ta fi ba ni sha'awa da farko ita ce wadda suke kira Akanta, mutuniyar Shinkafi. Doguwa ce, baƙa, mai fara'a, in tana magana sai ta riƙa buga yatsa a tafin hannu kamar tana ƙirga kuɗi. Ita ce tauraruwar ajin. Ta yi ƙaramar difloma da babba a fannin lissafin kuɗi, ta yi bautar ƙasa, ta sami aikin banki, ta sayi mota tun ƙawayenta suna hawan kabu-kabu. Ba ta yi aure ba sai da ta kai 31, kun san kuwa irin abin da bakin mutane yake yi wa mace a kan haka, har mahaifiyarta ta daina zuwa bikin dangi. To a 2004 gwamnan Babban Banki na lokacin, Charles Soludo, ya ce duk bankin da ba shi da jarin naira biliyan 25 zuwa ƙarshen 2005 ya nemi wanda zai haɗe da shi ko ya rufe. Bankuna 89 suka koma 25. In banki uku suka zama ɗaya kuwa, ai ba a buƙatar akanta uku a reshe guda. Wata safiya aka miƙa mata ambulan. Ta ce ta fito ta zauna a mota ta fi awa ba ta iya murza makulli ba, ga jaririya 'yar wata biyar a gida.

Abin da ta yi da ɗan kuɗin sallamar shi nake so ku ji. Ta sayar da motar, ta koma Shinkafi, ta shiga sayen gero da wake da kaka tana ajiyewa, in damina ta kama abinci ya yi tsada ta fitar. Duk wanda ya san kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ya san ba ƙaramar kasuwa ba ce, daga Nijar ake zuwa, daga Sakkwato da Katsina, har da 'yan kudu masu sayen dabbobi da hatsi. Ita ba ta zama a rumfa, ƙanenta ne yake tsayawa, amma littafin yana hannunta. Na ce, “Inna, ai mata da yawa suna wannan sana'ar ba su je Foli ba.” Ta yi dariya ta ce haka ne, har ma sun fi ta sanin hatsi, amma in duba in gani nawa ne jarinsu yake kai shekara biyar. Ta ce abin da yake karya mata guda ne, ba su raba uwar kuɗi da riba. Yau a ɗiba a yi cefane, gobe a ɗiba a yi anko, jibi miji ya ranta ba ya biya, ranar da aka tashi saro kaya sai a ga buhu goma ya koma shida, a ce maita ce ko baki. Ita kuwa albashi ta yanka wa kanta duk wata, ko ta ci riba nawa ba ta ƙetare shi, kuma ko mijinta ne ya ranci kuɗi sai ta rubuta da kwanan wata a gabansa. Da farko ya ji haushi, yanzu shi yake cewa a ɗauko littafi. Ta ce, “Banki ya amshe kujeratai, amma bai amshe lissahin da ke cikin kaina ba.”

Sai dai kada ku ɗauka daga nan sai jin daɗi. Duk wadda take wannan yanki ta san halin da muke ciki da 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta dakatar da kasuwannin mako-mako, aka hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar don a toshe wa ɓarayin daji hanya. Ita tana da kaya a sito, ba kasuwa, ba waya, masu bin ta bashi suna jira, waɗanda take bi kuma ba ta san inda suke ba. Ana cikin haka aka ɗauke wani ɗan uwan mijinta a hanya, dangi suka yi karo-karo, rabin jarinta ya tafi a nan. Da ta zo wannan wurin sai ta yi shiru, ɗakin ma ya yi tsit, don kusan kowace a cikinsu akwai irin wannan tabo a gidansu. Yanzu ta raba ƙafa, rabin kayanta a Kaura take ajiyewa. Da aka yi ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 lokacin canjin naira, mutanen ƙauye suka ƙi karɓar tiransifa, ita ce ta zauna da dillalai tana koya musu yadda ake duba shigar kuɗi a waya, ta kuma buɗe wa ɗan ƙanenta teburin cirar kuɗi.

Amma ƙanwata ta Zurmi, labarin da na fi so ki karanta sau biyu na mutuniyar garinku ne, wadda yanzu kowa yake kira Malama. Ita ba ta ma gama da su ba. Shekara ɗaya ta yi, a 1994 wani ɗan kasuwa ya fito, mutumin kirki, mai rufin asiri, yana da mace ɗaya. Ta ce tana sonsa, ba wanda ya yi mata dole, kuma ya yi mata alkawari a zaure, su biyu, cewa za ta ci gaba da karatu daga ɗakinta. Aka yi biki. Wata uku sai ciki, ya ce ta bari ta haihu. Ta haihu, ya ce ta bari ta yaye. Kafin yaye wani cikin ya shiga. Ta rantse mini bai taɓa cewa ya hana ba, kullum dai sai baɗi, ita ma daga baya ta daina tambaya, don ba abin da ta nema ta rasa. Haka har 'ya'ya bakwai.

A 2010 ya yi hatsarin mota, Allah ya yi masa rasuwa. Ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Aka zo rabon gado. Wannan lissafi ne da ya kamata kowace yarinya ta sani tun tana Islamiyya: in mamaci ya bar 'ya'ya, rabon mata tumuni ne, wato kashi ɗaya cikin takwas, kuma in matan biyu ne ko huɗu wannan tumunin dai za su raba. Ke nan su biyu kowace ta tashi da ɗaya cikin sha shida. A ce bayan an biya bashi dukiyar ta kai naira miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, to naki dubu ɗari ne. Ba zalunci ba ne, hukuncin Allah ne, kuma an gina shi a kan cewa 'ya'ya suna da nasu kason, dangin uba kuma za su riƙe marayu. To amma dukiyar ɗan kasuwa rabinta a bakin mutane take, bashi ne da amana, da ya faɗi sai aka ga abin bai kai yadda ake zato ba. Baffan yaran da ya karɓi riƙon kasonsu shi ma yana da nasa goma sha ɗaya. Ta ce ranar da ta auna garin da ya rage ta ga ba zai kai Juma'a ba, ranar ta tuna tana da takardar sakandare.

Ta buɗe tsohuwar akwatin lefenta ta tarar gara ta cinye takardar, sai ɗan gefen da ke da hatimi. Shekara goma sha shida ba ta taɓa dubawa ba. Wallahi da ta faɗi wannan sai da na ji tsigar jikina ta tashi, don ni ma tawa a ƙarƙashin katifa take, ina komawa gida na kai aka manne ta da leda. Neman wata a wancan lokacin ya fi ƙarfinta, ga shi kuma dama ba ta da kiredit a lissafi, sai ta yanke shawarar sake zana jarrabawar daga waje. Tana da shekara 37 ta zauna a benci ɗaya da sa'o'in ɗanta, ɗan nata ne ma yake koya mata lissafi da dare a gaban fitilar ƙwai. Mata suka yi ta dariya, wai tsohuwa da biro. Ta ci. Daga nan ta shiga karatun malanta na Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, irin wanda ake yi daga nesa, ana haɗuwa a cibiya ƙarshen mako da lokacin hutu, tana soya ƙosai da safe tana biyan kuɗin. Ta sami takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin abin da ake nema ga mai koyarwa, tana da shekara 42. Shekarar da ta biyo baya babbar 'yarta ta gama makarantar ungozoma a Gusau.

Albashin malamin firamare ba sai na gaya muku ba, ba ya kai wata. Ita ma ba ta ɓoye ba. Amma ta ce akwai bambanci tsakanin kaɗan da babu, kuma wanda bai taɓa auna gari yana ƙirga kwana ba ba zai gane ba. Bayan an sace 'yan matan makarantar Jangebe su 279 a watan Fabrairun 2021, iyaye da yawa a yankinsu suka ce sun gama da boko, gara yarinya ta yi aure tana raye. Malama ta ce ba ta ga laifinsu ba, ita ma uwa ce. Sai dai da aka sake buɗe makarantu ta riƙa bi gida-gida da yamma, ba ta yi wa kowa wa'azi, labarin akwatinta kawai take ba su. Wasu sun maido da 'ya'yansu, wasu ba su maido ba.

Na tambaye ta ko tana da-na-sanin auren. Ta harare ni ta ce, “Ke ɗiyar ga, in yi da-na-sanin ɗiyana bakwai? Allah shi jiƙan ubansu, bai taɓa zagina ba. Abu guda ni ka jin ciwo, alkawalin da munka yi a zaure munka yi shi, ba mai shaida sai buta.” To ni a nan nake tsaye, ƙanwata. Ban ce ki ƙi wanda kike so ba, ni da nake cin abinci da labarin soyayya ina ni ina hana aure. Amma maganar karatu ba ta hira ba ce. Saurayi a zaure ko wata kika ce ya ciro miki zai ce to. Ki sa a faɗe ta a gaban waliyyai ranar da ake tsai da magana, babanki ko baffanki ya faɗa, nasa su amsa, in da hali a rubuta. In ya ji haushin wannan tun yanzu, kin sami amsarki da wuri. Kuma ke da kike aji biyar, saura miki shekara ɗaya da 'yan watanni, wanda ba zai iya jiran wannan ba anya zai iya jiran ki gama difloma?

Mazan ajin ma sun zo ɗaurin aure, suka shigo tsakar gida gaisuwa, aka yi ta tsiya. Ɗaya ya shiga siyasa tun 1999, ya yi kansila sau ɗaya, har yau ana ce masa Onarabul, babbar rigar ce dai ta rage. Ɗaya ya bar aikin ƙaramar hukuma ya koma noma a gefen Zurmi, ya yi shekaru yana samun buhu ɗari-ɗari, yanzu gonar tana nan amma zuwa ya gagara, ya dawo Kaura yana sayar da taki. Akwai wanda ya zama limamin unguwa, su kuwa matan suka ce a makaranta shi ne sarkin rawa, ya ce a rufa masa asiri yaransa suna waje.

Sai kuma sarkin ajinsu, wanda ya karanta lantarki. Ya yi aiki a kamfanin tarho na gwamnati, wayar hannu ta shigo a 2001, kamfanin ya yi ta ja da baya har aka sallame su. Ya yi gyaran janareta, ya yi gyaran firji, yanzu faranti mai zuƙar hasken rana yake kafa wa mutane, shi ya haɗa wa Gwaggo nata. To ku riƙe shi a ranku.

Duk abincin bikin nan, tun daga waina da miyar taushe har zuwa hoce da dambun nama da aka zuba wa baƙi a leda, mace ɗaya ce ta yi kwangilarsa da yaranta shida. Ita ma 'yar ajin ce, girki da kula da masauki ta karanta, kwas ɗin da a lokacin ake yi wa dariya wai an je makaranta koyon tuwo. Aurenta biyu, duka suka mutu a kan rashin haihuwa, dangin miji na biyu har a gabanta suke ce mata juya. Ta dawo gidansu tana da shekara 35, ta fara da tukunya ɗaya a ƙofar gida, ta riƙe marayun yayanta uku har ta aurar da biyu. Ta ce ta riga ta cire aure daga lissafinta. Ashe tun 1994 sarkin aji yake rubuto mata wasiƙa yana bai wa Gwaggo ta kai, mahaifinta ya ce ba zai ba ɗan makarantar da ba shi da ko keke ba. Kowa ya kama gabansa. Matarsa ta rasu ta bar masa yara biyar. A 2022 ya zo kafa mata faranti a kan rufin kicin, aikin kwana biyu ya yi sati yana yi, kullum akwai wayar da ya manta. Yanzu shekararsu ta uku ke nan ko fiye da haka. Da ya shigo gaisuwa ta ja mayafi ta rufe fuska kamar 'yar sha bakwai, ɗakin ya ɗauki guɗa, Akanta tana cewa da tsohuwar zuma ake magani. Na ce a raina da ni na rubuta wannan a littafi da kun aiko da wasiƙa kun ce na cika ƙarya. Na roƙe ta ta nuna mini ko wasiƙa ɗaya, ta ce in kiyaye ta, amma ba ta ce babu ba.

Bayan azahar suka rufe ƙofa suka ɗauko wani tsohon hoto da aka ɗauke su a bakin ƙofar makaranta, suka riƙa bin fuskoki da yatsa. Wannan tana Kaduna ta yi jika huɗu. Wannan Bayarabiyar ta koma Ilori, har yanzu tana kiran Gwaggo duk sallah da Hausarta ta Zamfara. Wannan ta je Makka ta dawo da haƙori. Wannan ta rasu wurin haihuwa tun 1999. Wannan ciwon suga. Wannan kuwa bara waccan aka tare motarsu, ba a sake jin labarinta ba, ba su san ko su ce Allah ya jiƙanta ko Allah ya bayyana ta ba, sai suka yi duka biyun. Malama ta ja addu'a, aka shafa.

Wadda ta rasu da ciwon suga ta bar yarinya, ta gama sakandare da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ta ci JAMB, an ba ta gurbi a Folin nan dai da uwarta ta yi, amma ba kuɗin rajista. Nan take Akanta ta zaro littafi daga jaka ta ja layi, kowace ta faɗi abin da za ta iya duk wata. Gwaggo ta ce yarinyar ta zauna a gidanta, ga ɗakin amarya nan ya zama fanko. Mai abinci ta ce ranar da ba lacca ta zo kicin ta koyi aiki a biya ta. Malama ce mai ƙaramin albashi a cikinsu, ta ce a rubuta mata dubu biyu, Akanta ta ce a'a ta bari, ta ce wallahi sai an rubuta.

La'asar ba ta yi ba suka fara haɗa jakunkuna, ko kai amarya ba su tsaya ba, don mai zuwa Shinkafi da mai zuwa Zurmi ba wadda take so yamma ta same ta a hanya. Muka raka su tasha, kowace da ledar hocenta, Gwaggo tana ta jaddada musu duk wadda ta isa ta kira. Ba ta ci abinci ba sai da wayar ƙarshe ta shigo, ta Malama ce, wajen ƙarfe biyar da rabi.

Masu tambaya a kan littafina na gaba ku ƙara haƙuri, yana wurin buga. A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu za mu taɓa maganar anko da bashin da yake jefa iyayenmu a ciki, duk mai abin cewa ta aiko da wuri.